Wasiƙa daga Manchesta: Yadda Muke Girkin Hutun Hunturu

Assalamu alaikum Yaya,

Da fatan kun tashi lafiya. Ya hazo, ya yara, ya jikin Umma? Allah ya ƙara mata sauƙi. Saƙon muryarki ya iso tun shekaranjiya, sai yau na samu zama. Kin tambaye ni me muke ci a wannan hutu tunda mu ba Kirsimeti muke yi ba, kuma wai da gaske ne kasuwa rufewa take yi. Da gaske ne, Yaya. Bari in warware miki zare da abawa.

A makon nan rana ba ta leƙowa sai bayan takwas na safe, kafin ƙarfe huɗu kuma an kira magariba. Azahar, la'asar da magariba duk cikin awa huɗu ake yin su. In na ce sai bayan la'asar zan ɗora sanwa kamar yadda muka saba a gida, to duhu ne zai riske ni ruwan bai tafasa ba. Ga yara an ba su hutun mako biyu, waje ba ya fituwa, sanyi kuma yana buɗe musu ciki. Shi ya sa tun farkon Disamba nake ɗaukar takarda in rubuta abin da za a ci kowace rana, in manna a jikin firji.

Ranar 25 ga wata manyan kantuna ba sa buɗewa. Doka ce a Ingila tun 2004. Jirgin ƙasa ba ya aiki, bas ma sai an dace. Ranar 24 da wuri suke rufewa, mutane kuwa kamar jajibirin Sallah a Kantin Kwari. Ƙananan shagunan unguwa, musamman na 'yan'uwa Musulmi, wasunsu suna buɗewa, amma da ɗan tsada. A gida in gishiri ya yanke miki, yaro za ki aika bakin layi ko ki leƙa ta katanga ki karɓa wajen maƙwabciya. A nan abin da kika manta kin manta ke nan sai gari ya buɗe. Akwai masu kawo cefane har ƙofar gida in kin saya ta intanet, sai dai ranakun da ke kusa da bikin tun makonni kafin nan ake kame su. Bara na gwada, da tattasai ya ƙare musu sai suka musanya min da kore, na rasa yadda zan yi da shi a miya. Bana da ƙafata na je.

Cefanen gida uku nake raba shi. Manyan kantuna irin su Aldi da Tesco nan nake sayen madara, ƙwai, fulawa, mai, tumatirin gwangwani da dankalin turawa. Abin da zai ba ki mamaki, a makon bikin gasar karya farashi suke yi a kan kayan lambun da ake ci da talotalo: ƙunshin karas, dankali, da wasu 'yan mitsi-mitsin kabeji, sai ki samu a kan kwabo 15 na kuɗinsu. Kin san har yanzu fam suke kashewa, irin wanda Kaka take lissafi da shi kafin naira ta zo a 1973, sai dai yanzu kwabo 100 ne a fam. Ba a taya, ba a gyara, ba ƙarin ko tumatiri ɗaya. Amma kuma ba mai dukan gindin kwano ya rage miki awo. Kilo kilo ne, an rubuta nauyi da ranar lalacewa. Wannan kam na yaba musu. Leda ma sayenta ake yi, don haka da jakunkunana nake fita.

Gida na biyu shagunan 'yan Pakistan da Indiya da Larabawa, a Rusholme da Cheetham Hill. Can ne nama. Ina duba takardar shaidar halal a manne kafin in shiga. Mahaucin da injin zarto yake yanka, cikin minti biyu ya daddatsa miki ƙafar saniya, ba ƙuda, ba ƙura. Sai dai naman ɗan rago da suka fi so laushi gare shi da kitse, ba ya jure dahuwar farfesu, don haka na babbar tunkiya nake nema. Kaza ma haka. Ta kanti kina juya ta sau biyu ta dagargaje. Akwai tsofaffin kajin ƙwai masu tauri, su ne suka ɗan yi kusa da kazar Hausa. A shagunan nan nake samun tsamiya, citta, kanumfari, dabino, har da garin gero, don Indiyawa ma suna cin gero. Da shi nake dama fura da yogot mai kauri. Ba ta kai ta Fulanin bakin kasuwa ba, amma tana kashe ƙishin gida.

Na uku shagunan 'yan Afirka a Moston Lane. Manja, doya, attarugu, garin rogo, kayan miyar 'yan Kudu duk a cike. Namu na Arewa ne ke wuya. Kuka in an samu 'yar ƙullin leda ce, ta daɗe har ta koɗe. Daddawarsu irin ta Yarabawa ce mai danshi, ba tamu da ake daka a mulmula ba. Doya ɗaya kuwa in kika juya kuɗinta zuwa naira sai ki mayar da ita. Na daina juya lissafin, tunda da fam ake biyan albashi, da fam ake biyan haya.

Abin da ya fi min komai daɗi shi ne wuta. Ba a ɗauke ta. Miya tukunya uku nake yi a yini ɗaya, ta taushe, ta kuɓewa, da jar miya, in zuba a robobi in jera a firiza, ba fargabar za ta narke. Ki tuna naman layyar da muka kwana muna suya don wuta ta ƙi zuwa. Amma fa ana biyan abin. Akwai 'yar na'ura a kicin da ke nuna kuɗin gas da lantarki yana hawa kina kallo, a hunturu kuma hita ce ke cinye kaso mafi yawa. Don haka in na kunna obin ba na gasa abu ɗaya, sai na haɗa biyu ko uku.

Ba injin markaɗe a unguwa, bilanda ce. Turmi ba ya dakuwa, akwai mutane a ƙasanmu. In na cika wuta wajen suya, ƙararrawar hayaƙi ta ɗauki kuka, dole in buɗe taga sanyi ya shigo. Shinkafar tuwo na daɗe ina nema kafin wata baiwar Allah 'yar Zariya ta nuna min gajeriyar shinkafar da Turawa ke dafawa da madara da sukari. Ita ce ke yin tuwo mai danƙo, ita ce kuma ke yin masa. Ƙullin masar ma a sanyin nan ba ya tashi sai na lulluɓe shi da bargo na ajiye kusa da hita ya kwana.

Yanzu ga abin da nake so ki fahimta game da ranar 25. A nan ba a ba da hutun Sallah. In ta faɗo ranar aiki, sai dai mutum ya nemi izini, daga Idi wasu wajen aiki suke wucewa. Ranar Kirsimeti ce kaɗai kusan kowa yake gida. To mu gida huɗu na Hausawa, biyu daga Kano, ɗaya daga Zariya, ɗaya daga Maraɗi, muka mayar da ita ranar zumunci. Ba bikinsu muke yi ba, damar da muka samu ce. Bana a gidana za a taru. Mun raba aiki a WhatsApp tun makonni biyu: ni masa da miyar taushe da zoɓo, 'yar Zariya dambun shinkafa, ta Maraɗi farfesun kayan ciki da kunun gyaɗa, ɗayar kuma alkaki da dubulan. Abban yara yana da aikin dare a asibiti ranar, don haka da azahar za a ci.

Yara ne suka nace sai an yi talotalo, don a makaranta labarinsa suke ji. Na halal sai an yi odarsa wajen mahauci tun da wuri. Mai kilo 5 na karɓa, in daskararre ne sai ya kwana biyu zuwa uku a firji kafin ya saki, gashinsa kuma ya haura awa uku. Namansa bushewa gare shi. Tsaga shi nake yi in cusa tafarnuwa, citta, yaji da man shanun kanti, ya kwana a ciki. Miyar taushen da wata doguwar kabewa nake yi, da alayyahunsu mai laushi, tunda ba yakuwa sai in ɗiga ruwan tsamiya.

Sai an yi karatun takardar jikin kaya sosai a wannan lokaci. Kek ɗinsu na biki da yawa da giya ake haɗa shi, alawar yara kuma wata da sinadarin alade. Su ma akwai abin da suke tsoro a namu: gyaɗa. Akwai yaran da ko kaɗan suka ci numfashinsu sarƙewa yake yi, har makarantar yaranmu ta hana zuwa da ita. Tsohuwar da ke maƙwabtaka da mu ta kawo mana kati da gwangwanin biskit, zan kai mata masa, amma sai na tambaye ta kafin in haɗa da miya. Zoɓo kuwa, wata abokiyar aikina 'yar Jamaika da ta gani a gorata sai ta ce ai shi ne abin shansu na Kirsimeti, da citta da kanumfari kamar namu. A watan nan har ya fi samuwa a shago saboda su.

Abin da ke taɓa min zuciya shi ne bayan an ci. A gida abinci ba ya kwana, akwai na maƙwabta, akwai mai sallama a zaure, ƙanzo ma da mai shi. A nan ba wanda zai ƙwanƙwasa. Akwai kwandon da ake ajiyewa a bakin kanti don mabuƙata, amma na gwangwani da busasshe kawai suke karɓa. Wanke-wanke, yankan albasa, suyar masa tanda bayan tanda, duk hannu biyu ne. Ina tsaye a kicin ni kaɗai sai in tuna ku a tsakar gida, Umma tana kan tabarma tana gyaran zogale tana ba da umarni.

Mai zuwa a watan Janairu ta yarda za ta riƙo min kaya. Don Allah ki haɗa min kuka sabuwa, busasshiyar kuɓewa, daddawa, kimba, masoro da yajin Umma, a ɗaure sosai a rubuta sunan kowanne. Kada ki sa kilishi, dambun nama ko man shanu. Doka ta hana shigo da nama da kayan madara daga Najeriya, a filin jirgi za a ƙwace, ita kuma ta shiga matsala. In da wuri a jakar, ki ƙara min da tandar masa ta ƙarfe mai gida 12, tawa mai bakwai ce.

Ki gaishe min da Umma da kyau, ki ce mata ranar 25 da misalin ƙarfe biyu agogonku za mu kira ta ga yara.

Ƙanwarki.