Na kai allon saukata da hular Inna wajen mai firem, ga yadda muka ƙare

Jama'a tunda na ɗora hoton bangon falona a WhatsApp ake ta damuna da tambaya, wai ina aka yi min, nawa aka yi, to bari in zauna in faɗa muku gaba ɗaya har da abin da ya ɓata min rai, dan kar wata ta je ta dawo tace ban faɗa ba.

Ƙaramin shago ne a nan Kano, irin masu yin firem na hoton biki da satifiket da Ayatul Kursiyyu ɗin nan. Sunan shagon kam ba zan kama ba, saboda akwai ƙorafi a maganar kuma bawan Allahn ya ba ni haƙuri. Kaya kashi uku na kai masa: zane guda biyu da 'yata ta fari ta yi a 2015 tana aji ɗaya na firamare, sai allon saukata, sai hular da Innarmu take ɗinkawa ta rasu ba ta ƙarasa ba, Allah ya jiƙanta da rahama.

Hular nan ita ce ma silar zuwana. Inna duk rayuwarta ɗinkin hula ne sana'arta, mai zane ya zana mata a jikin farin ƙyalle ita kuma ta bi da zare, bayan la'asar za ka ganta a tsakar gida kan tabarma da gwangwanin zarenta da rediyo a gefe, hula ɗaya sai ta ci mata makonni, in ta gama a kai wa masu wankin hula su sa sitaci su ɗora a kan itace ta tsaya, sannan dillaliya ta zo ta ɗauka. Da kuɗin hular nan aka haɗa rabin kwanukan ɗakina. Ranar rabon gado an raba atamfofi, an raba 'yan kunne, har tukwane an raba, amma ledar da hular take ciki ba wanda ya ko kalla, ai rabin hula ba ta da kuɗi. Da na buɗe sai ga allurar a soke daidai inda ta tsaya, da koren zare yana reto. Shekara huɗu tana ƙasan akwatina, sai bana da na ga gara ta fara bin bayan sif hankalina ya tashi.

Tsakani da Allah mai shagon ya san aikinsa. Ni da na zata gilashi kawai za a ɗora a buga ƙusa, sai ya zaunar da ni yana min bayani. Yace Hajiya takarda ba a barinta ta manne da gilashi, dole a sa kwali a zagaye ya raba su, in ba haka ba damina ɗaya raɓa za ta shiga zanen ya liƙe, ranar da aka zo cirewa rabinsa ya bi gilashin. Ya ga selotef ɗin da na liƙa a kusurwar takardar shekarun baya ya girgiza kai, ya nuna min yadda wurin ya koma ruwan ƙasa, yace gam ɗinsa ne ya ci takardar kuma ba ya fita. Ya kuma ja min kunne kar in rataye a bangon da rana take bugawa ta taga, kala ba ta shiri da rana.

Aikin allon shi ne wanda ban da abin cewa a kansa. Wanda ya yi makarantar allo ya san tawadarmu dama dan a wanke aka yi ta, gawayi ne da ƙaro, ɗigon ruwa ɗaya ya isa ya tafi da harafi, shi ya sa ban taɓa yarda an goge shi ko da ɗanyen tsumma ba. Zayyanar a takarda aka yi ta aka manna a jikin allon, ja da kore da ruwan ɗorawa, ga Fatiha ga farkon Baƙara irin wanda ake biya wa mai sauka ranar walima. Fatar da ke wuyan allon ta tsage, sai yace wannan ba aikinsa ba ne, in kai wa dukawa a kasuwar Kurmi, na kai kuwa, cikin lungunan nan da tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa ake cin kasuwa a cikinsu, wani dattijo ya ɗinke min ina tsaye. Da na dawo da shi ya yi masa firem mai zurfi kamar ɗan akwati, ba gam ba ƙusa a jikin allon, da siririyar waya ya riƙe shi ta wuya da ƙafa, ya shimfiɗa baƙin yadi a baya. Kuma da kansa ya yi, yace akwai ayoyi a jiki ba zai bar yara su riƙa juya shi ba. Maigidana da ya gani cewa ya yi ya zama kamar kayan Gidan Makama, gidan tarihin nan na Kano.

To yanzu ga inda aka samu matsala. Sati ɗaya aka ce min, sai da aka yi uku, yau ba wuta, gobe mai yankan gilashi ya tafi ɗaurin aure, wannan duk na shanye, wa ya taɓa karɓar kaya a kan lokaci. Ranar da na je karɓa sai na ga zane ɗaya yana sheƙi. Ashe oga ba ya nan yaron shagon ya ga takardar ta tsufa, shi a ganinsa taimako ne, ya zura ta a injin leminetin. Kirayon kuwa kitse ne kamar kyandir, zafi yana taɓa shi ya narke, adaidaita sahun da yarinyar nan ta zana mai ƙafa biyar ya koma kamar an zubar da gwaiduwar ƙwai, sunanta da ta rubuta da harafi ɗaya a juye ma da ƙyar ake karantawa. Kuma leminetin ba a cire shi, in ya kama ya kama. Dan Allah duk mai tsohuwar takarda da yake ji da ita ya raba ta da injin nan, katin asibiti da ID ake yi wa.

Wannan bai ƙona min rai ba kamar hular. An yi mata firem mai kyau wallahi, an miƙar da ita tsaf, amma babu allura, babu zaren da ke reto. Nace ina allurar? Yaron ko a jikinsa yace Hajiya ai ta yi tsatsa, na cire na datse zaren dan aikin ya fita fes. Ban san sanda na zauna a kan benci ba, a shagon mutane ina hawaye da girmana. Shi mai shagon ya rasa inda zai sa kansa, ya yi ta faɗa, ni kuma nace ya ƙyale yaron, laifina ne ma wani ɓangaren, na tsaya ina ta ciniki a kan kalar katako ban buɗe baki nace kar a taɓa komai ba. Su sun saba da hoton amarya, abin da suka sani a goge a gyara a fito da shi sabo.

Aka zazzage gwangwanin ƙananan ƙusoshi aka samo allurar. Allah ya taimake ni na taɓa ɗaukar hular a waya, muka buɗo hoton muka duba gurbin, ni da kaina na mayar da ita tsakanin layi na uku da na huɗu na zanen. Ta koma dai, amma ni na san hannuna ne ya soke ta wannan karon. Guntun zaren kuwa an share shi da shara tun tuni.

Maganar kuɗi, allon dubu 18, hular dubu 12, zanen dubu 6 kowanne, ya cire kuɗin wanda aka lalata ba tare da na roƙa ba, kuma yana karɓar tiransifa. Ba araha ba ne amma katakon mai nauyi ne, bayan ma an rufe shi ruf yadda ƙura da kyankyaso ba za su shiga ba.

Wata ta tambaye ni batun rataye hoto a gida, ni dai zanen da na rataye gida ne da bishiya da tutar Najeriya, ba mai rai a ciki, wanda ya narke ɗin kuma 'yar tawa ta ɗauke ta kai ɗakinta, wai ita ya fi mata kyau a haka, Umma kin fiye son tsofaffin kaya. Ita da na tsinci rabin zanenta a kwandon shara.

Zan koma shagon? Zan koma, akwai faifai biyu na saƙar kakarmu da tumaƙasar da ƙanwata ta saƙa min lokacin aurena. Amma sai ranar da oga yake nan, zan ɗauki hoton kowanne gaba da baya kafin in miƙa, kuma sai an rubuta min a jikin rasit cewa ba leminetin, ba guga, ba almakashi.