Keke Mai Jingina ko Injin Gudu: Wanne Mai Ciwon Gwiwa Zai Saya?

Babu abin da ke cutar mai ciwon gwiwa kamar zaman da ake cewa ya yi. Da zarar mutum ya fara cije leɓe wajen tasowa daga sujada, ko ya fara dafa bango in zai sauko daga bene, sai 'yan uwa su ce ya huta, ya daina wahalar da ƙafar. Yana zama tsokar cinya ta saki, ita kuwa ce ke tallafe da gwiwa. Gwiwar ta koma ɗaukar kaya ita kaɗai, ciwo ya ƙaru, mutum ya ƙara zama. Guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan gwiwa ba shi da jijiyar jini, daga ruwan gaɓar yake samun abincinsa, kuma motsi ne ke shigar da ruwan ya fitar da shi.

Matsalar ba ta mutum ɗaya ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2019 mutum miliyan 528 ke fama da amosanin gaɓɓai irin na zaizayar guringuntsi, miliyan 365 daga cikinsu a gwiwa, kuma kashi 60 cikin 100 mata ne. Shi ya sa a yau likitocin ƙashi da na gashi, wato masu gashin ƙashi da motsa gaɓɓai, ke sa motsa jiki a sahun gaba, kafin allura, kafin tiyata. To, wanda ya yarda zai motsa, ya tara 'yan kuɗinsa ya shiga kasuwa, me zai ɗauko?

Ni dai ba na ɓoye zaɓina: keken motsa jiki na cikin ɗaki, mai kujera da majingina, wanda fedarsa ke gaba ba ƙasa ba, kuma wanda maganaɗisu ke ƙara masa nauyi.

Dalilin farko shi ne nauyin da ke sauka a kan gaɓar. Masu bincike sun auna wannan a jikin mutanen da aka sa wa gwiwar ƙarfe mai na'urar awo a ciki. A tafiyar ƙasa gwiwa kan ɗauki kusan ninki biyu da rabi na nauyin jiki a kowane taku, a saukowa daga bene ya haura ninki uku. A kan keke kuwa, in ba a tsananta nauyin feda ba, abin kan tsaya wajen nauyin jiki sau ɗaya da ɗan ɗori. Ke nan mai kilo 90 yana aikin cinya, yana haɗa gumi, zuciya na bugawa, amma kujera ce ke ɗauke da gangar jikinsa. Gwiwar tana lanƙwasawa tana miƙewa sau ɗaruruwa ba tare da duka ko ɗaya ba.

Na biyu shi ne hawa da sauka. Keke mai sirdi sai an ɗaga ƙafa an tsallake, a tsaya da ƙafa ɗaya, ita ma mai ciwo. Mai jingina tsakiyarsa a buɗe take, ka zauna kamar a kujerar falo ka miƙa ƙafa. Ga iyayenmu mata wannan babban abu ne: Hajiya za ta zauna da doguwar rigarta da wando a ciki, a cikin ɗakinta, ba mai ganinta, ba sai ta nemi mai kai ta wani wuri ba. A dai tattare zani da gefen hijabi kada feda ta naɗe su. Mai ciwon baya da mai ƙiba sun fi kowa jin daɗinsa, don ƙaramin sirdin nan yana hana mutum minti goma cikakku, kuma injin da ba a jure zama a kansa ya zama wurin shanya kaya.

Na uku, ba ruwansa da wuta. Yawancinsu batir biyu ƙanana ke kunna allon da ke nuna minti da nisa, nauyin kuwa da hannu ake murɗa shi, galibi daga 1 zuwa 8. A ɗauke wuta a kawo, kai kana kan aikinka.

Amma duk wannan yabo ya rataya ne a kan abu ɗaya, kuma shi nake fara dubawa kafin fenti, kafin suna, kafin farashi: yadda kujerar ke matsawa gaba da baya. Ƙa'idar ita ce idan feda ta kai can ƙarshen nisanta, gwiwa ta rage ɗan lanƙwaso kaɗan, wajen digiri 25 zuwa 30. Hanyar gwadawa a shago mai sauƙi ce. Ɗora diddige a kan feda ka tura ta ƙarshe, ƙafar ta miƙe sak ba tare da ka zamo daga kujera ba. In ka mayar da tafin ƙafa daidai, lanƙwason da ake so zai fito da kansa. Idan kujera ta matso kusa da yawa, gwiwa na naɗewa sosai a kowane zagaye, ƙoƙon gwiwa na gogar ƙashin cinya da ƙarfi, sai ka sauka da ciwo a gaban gwiwa wanda ya fi na da. Idan ta yi nisa kuma, bayan gwiwa ne zai ɗauka. An taɓa sayar mini da wani wanda ramukan kujerarsa suka ƙare tun ƙafata ba ta miƙe ba, kuma ƙusar da ke riƙe ta ta sha jiki, kana cikin tuƙi sai kujerar ta zame da kai. Mai shagon ya rantse cewa kowane tsawo yana ɗauka. Tun daga nan, keken da kujerarsa ba ta tafiya a kan doguwar sandar ƙarfe mai ƙwari, da makulli mai kamawa gam, ko kyauta ne ban shawarci mai ciwon gwiwa ya karɓa ba. Dogaye su fi kowa lura, don da yawa daga cikin masu arahar nan gajeru ne. Haka gajeruwar mace, ta tabbatar ƙafarta na kaiwa ba sai ta yi miƙa ba. In gida ɗaya mutum biyu za su riƙa hawa, su je shagon tare.

Injin gudu, wanda ake tafiya a kan bel, shi ne ya fi jan ido a shago kuma shi ne na fi hana mutane. Kusan dukan da gwiwa ke sha a titi shi za ta sha a kansa, yana son wuta tsayayya, ƙaramin janareta ba ya ɗaukarsa cikin daɗi, ga ƙurar hunturu da ke shiga ƙarƙashin bel. Wanda tafiya ba ta dame shi ba ya sayi takalmi mai laushin ƙasa ya zaga unguwa bayan asuba. Na'urar hawa bene kuwa, abin da ke sa ka kuka ne aka mayar inji. Keken nan mai siririn sirdi na gidajen motsa jiki, mai faifan ƙarfe a gaba, fedarsa ba ta tsayawa don ka tsaya, faifan zai ci gaba da jan ƙafarka, na masu lafiyar gwiwa ne. Injin da ake taka faranti biyu ana jan sanduna da hannu ba laifi in babba ne mai dogon taku, sai dai a tsaye ake yinsa, ƙananan kuma takunsu gajere ne mai fizga. Ƙaramar fedar da ake ajiyewa gaban kujera tana da amfani ga tsoho tukuf ko wanda ya taso daga jinya, amma a kan tayil gudu take yi. Ninƙaya da tafiya cikin ruwa sun fi duka sauƙi a gwiwa, sai dai mutum nawa ne cikinmu ke da wurin?

Abu ɗaya da zan ce a haɗa da keke shi ne robar motsa jiki. Keke shi kaɗai ba ya gina tsoka yadda ake so, Hukumar Lafiya ta Duniya ma bayan minti 150 zuwa 300 na motsi a mako ta ce a ƙara da aikin ƙarfafa tsoka kwana biyu. Da roba guda, a zaune ka miƙe gwiwa ka riƙe ka sauke a hankali, a kwance ta gefe ka buɗa cinya don tsokar mazaunai, a rigingine ka ɗaga ƙugu. Ƙara da tashi da zama daga kujera mai ɗan tsayi ba tare da dafawa ba. Kuɗinta bai kai na fedar keke ba. Wanda aljihunsa bai kai keke ba tukuna ya fara da ita yau. A tsarin kamfanin roba na TheraBand rawaya ce mai sauƙi, sai ja, kore, shuɗi, baƙa, amma wasu kamfanonin launinsu daban ne, don haka ja ta da hannunka ka ji.

Yanzu ga inda nake so mai saye ya buɗe ido sosai, don kasuwar nan cike take da algus.

An san mai ciwo ba ya ciniki da nutsuwa. Abu na farko, kalmar maganaɗisu da ake liƙawa a jikin kowane keke. Na gaske ba ya taɓa faifan ƙarfen da feda ke juyawa, shi ya sa ba ya ƙara, kuma nauyinsa na tafiya sumul. Na bogi igiya ce ko tsumma mai tauri ke matse faifan. Murɗa nauyin zuwa ƙarshe ka tuƙa a hankali ka saurara. In ka ji shuu, ko fedar na sauƙi a wani gefe tana cijewa a wani, ko ka ji ƙaurin abu na ƙonewa, gogayya ce. Wannan cijewar ita ce ke fizgar gwiwa. Kada ka yarda da “sabo ne, zai saki”.

Sai na hannu, wanda ake cewa tokumbo. Akwai masu kyau ƙwarai a cikinsu, wasu sun fi sababbin araha ƙarko nesa ba kusa ba. Amma ana fesa wa ruɓaɓɓe fenti. Kifa shi ka duba wurin walda a ƙarƙashin kujera, gumi yana cin ƙarfe daga nan. Kama feda ka girgiza ta gefe da gefe, in tana wasa boris ya tafi, ko ramin hannun fedar ya cinye. Fedar hagu zarenta a juye yake, makanikin da bai sani ba yakan lalata shi ya cusa ta da ƙarfi, sai ta karkace, ƙafarka ta riƙa zagaye a karkace. Duba igiyar da ke riƙe ƙafa a feda, in babu a sa maka. Duba takardar da ke faɗin iyakar nauyin mai hawa, ka zaɓi wanda ya ɗara nauyinka sosai, in kuma ka ga an kankare ta ko an liƙa sabuwa a kai, ka san da walakin. Wanda ake jonawa da wuta in daga Amurka ya fito na bolt 120 ne, tamu kuwa 230 ce, jonawa ɗaya allon ya ƙone, kuma irin wannan keken in allonsa ya mutu nauyinsa ba ya canzuwa. Wasu sun riga sun ƙone tun a shago, shi ya sa kullum ake ce maka babu wuta a gwada.

Sayen intanet kuma cinikin biri a sama ne. Hoton babban keke za a ɗauko a sa, a ce ka tura rabin kuɗi na mota, ko dai a rufe layi ko a kawo maka ɗan ƙarami wanda iska ke kaɗawa. In dole ne, a yi maka kiran bidiyo wani ya hau ya tuƙa kana gani, kuma kada kuɗi su fita sai kaya sun iso ka zauna a kai. Roba ma ana yin jabunta. Zafi da rana suna kashe ta, wadda ta daɗe a rataye bakin shago za ka ga farin tsage-tsage in ka ja ta, ko tana danƙo a hannu. Irinta kan tsinke ta zabgi mutum a fuska.

Waɗanda suka fi ɓata mini rai su ne masu bin mai ciwo da abin da ba motsa jiki ba suna cewa ya wadatar. Safar gwiwa mai maganaɗisu, farantin da ke karkaɗa jiki kana tsaye, na'urar da ke ɗumama gwiwa wai tana tsiro da sabon guringuntsi. Safa ta roba tana iya ba ka ɗumi da ƙwarin gwiwar takawa, takalmin gwiwa mai ƙarfe a gefe kuma likita kan rubuta shi ga wanda ya dace, amma babu ɗayansu da ke gina cinya. Ƙwayoyin gulukosamin da ake sayarwa da tsada, ƙungiyar likitocin amosanin gaɓɓai ta Amurka a 2019 da hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila a 2022 duk sun ce kada a ba masu wannan ciwo. A 2022 ɗin kuma hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi kan wasu ƙwayoyin ciwon gaɓɓai da ake tallatawa a matsayin na itatuwa, aka samu magungunan asibiti masu ƙarfi, dikilofenak da deksametason, a ɓoye cikinsu. Mutum ya sha ya ji garau, ciki da ƙoda da sukari na lalacewa. Duk maganin da aka ce na ganye ne amma ya ɗauke ciwon shekaru cikin dare ɗaya, ka ji tsoronsa.

Kafin ka biya kuɗin komai, a duba gwiwar. In ta kumbura tana zafi da ja, ko da zazzaɓi, ko tana maƙalewa ta ƙi miƙewa, ko tana sulluɓewa da kai, ko faɗuwa ka yi, ba keke kake buƙata ba tukuna. Haka mai sikila, mai ciwon zuciya da mai hawan jinin da bai daidaita ba. A Kano akwai Asibitin Ƙashi na Dala, wanda ke aiki tun 1959, da sashen gashi na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, a Zariya akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Roƙi likitan gashi ya ɗora ka a kan kekensu ya saita maka kujera, ka auna nisan daga majingina zuwa feda da igiya, ka tafi kasuwa da igiyar a aljihu.

In ka kawo shi gida, fara da minti biyar zuwa goma a mafi sauƙin nauyi, ka ƙara lokaci kafin ka ƙara nauyi. Ɗan ciwo a lokacin aiki ba laifi ba ne muddin ya kwanta kafin washegari. In ya kwana ya wuni, ko gwiwar ta kumbura, rage. Kuma tun a shago ka sa a rubuta maka a rasit cewa in kujera ta zame ko feda ta fara wasa cikin kwanakin da kuka yi yarjejeniya za ka dawo da shi, da sa hannun mai shagon, ba na yaronsa ba.