Heavy, bulky, cumbersome da unwieldy: ba duka ne nauyi ba

Salam jama'a. Ɗan uwan da ya yi tambaya jiya da daddare cewa ya duba heavy da bulky da cumbersome da unwieldy da hefty a ƙamus duk ya ga kusan fassara ɗaya ce, wai shin akwai bambanci ko dai yawan surutun Bature ne kawai, to Malam akwai, kuma in kana ɗaukar kaya a kasuwa ka riga ka san bambancin a jikinka, sunan ne kawai ba ka haɗa ba.

Je ka kasuwar Dawanau ta Kano ka tsaya wajen masu lodi. Buhun masara mai kilo 100 ko na siminti mai kilo 50, wannan shi ne heavy, magana ce ta sikeli kawai, ka ɗora ya nuna lamba. Yanzu ka zo Sabon Gari ka sayi katifar soso 6 by 6, yaro ɗan shekara 15 zai iya ɗaga ta amma ka tsayar da ɗan adaidaita ka ga yadda zai kalle ka, sai dai a ɗaure ta a sama. Katifar nan ba heavy ba ce, bulky ce, wato jibgegiya mai cin wuri. Haka robobin Ƙofar Wambai, haka buhun auduga. Abu zai iya haɗa biyun kamar firij, amma ba dole ba ne. 'Yan Kantin Kwari masu yo odar kaya ta jirgin sama sun fi kowa sanin wannan don aljihunsu ne ke gaya musu, kamfanin kago ba kilo kaɗai yake dubawa ba, ana auna tsawo da faɗi da tsayin kwali da santimita a ninka su a raba da 6000, abin da ya fito in ya fi ainihin nauyin to shi za ka biya. Kaga kenan kana biyan kuɗin bulky ne ba na heavy ba.

Inda mutane suka fi rikicewa shi ne tsakanin unwieldy da cumbersome, ni kaina na daɗe ina cakuɗa su. Unwieldy daga wield ta fito, wato riƙe makami ko kayan aiki kana juya shi yadda kake so, kamar takobi ko gatari. To un ɗin nan ta farkon kalmar ta kore ma'anar, abin ya ƙi juyuwa a hannu. Ka sayi rodi ɗaya a Ƙofar Ruwa, tsawonsa mita 12, nauyinsa ba wani abin a zo a gani ba ne, kuma siriri ne ba ya cin wuri balle ka ce bulky, amma ka ce za ka shiga da shi lungun cikin gari, ka juya nan ya doki katanga ka juya can ya kusa tsone wa mai shayi ido. Wannan zungureren abu shi ne unwieldy. Tsani ma haka. Ita kuwa cumbersome tushenta cumber, tare hanya ko kawo cikas, ba a hannu matsalar take ba, a tafiyarka take, abin ya zame maka ƙarfen ƙafa. Babbar riga mai aiki da ta sha sitaci ranar Juma'a ka ce za ka hau babur da ita, ko mai goyo ga jaka ga leda biyu tana son tsallaka titi a Bata. Shi ya sa Bature ya fi jefa cumbersome a kan tsarin aiki, irin ofis ɗin da za a ce kawo fom, je ka sama a sa hannu, dawo ƙasa a buga hatimi, wanda zai buga kuma ya tafi sallah tun sha biyu. A nan a cumbersome process za ka ce, in ka ce heavy process sai a gane da Hausa ka yi tunanin. Unwieldy ma tana fita daga kaya, kwamitin biki mai mutum 40 da kowa ke son magana, ya yi yawan da ba ya juyuwa.

Hefty kuma tana da ɗan ƙamshin yabo ko mamaki, ƙato ne ƙaƙƙarfa irin 'yan damben nan, kuma an fi jinta a kuɗi, a hefty fine tara ce mai tsoka. Weighty ba kasafai ake faɗinta a kan buhu ba, ta magana mai nauyi ce irin wadda manya ke rufe ƙofa a kanta. Akwai ponderous da ba ka tambaya ba, daga kalmar Latin pondus mai nufin nauyi, ita ce tafiyar giwa, ko jawabin babban baƙo da ya ƙi ƙarewa mutane na ta hamma.

Sai abu ɗaya da zan ja kunnenka a kai, nauyi namu na Hausa ya fi heavy faɗi nesa ba kusa ba. Ina jin nauyin surukina, wannan kunya ce da girmamawa, kada ka kuskura ka sa heavy a wurin, sai a ɗauka goya shi kake yi. Nauyin iyali kuma responsibility ne ko burden. Amma nauyin barci ya yi daidai, heavy sleeper suke cewa su ma, kuma ruwan da muke cewa kamar da bakin ƙwarya a watan Agusta su heavy rain kawai suke ce masa, bulky ko hefty ba sa shiga nan sam.