Hawan jinin ido: ɗigo, leza ko tiyata?

Duk wanda ya taɓa raka tsoho asibitin ido daga ƙauye ya san ba kuɗin kati ne ke karya mutum ba, zirga-zirgar ce. Yanar ido da sauƙi, a yi aiki, washegari a cire bandeji, Baba ya gane fuskar jikarsa. Hawan jinin ido kuwa, wanda likitoci ke kira gilakoma, zama ya zo yi. Ruwan cikin ido ne ke kasa fita, ya matse jijiyar gani, gani ya riƙa zaizayewa daga gefe, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Awon matsin ruwan lafiyayyen ido yakan tsaya tsakanin 10 da 21, aikin magani shi ne sauke lambar idan ta haura.

Da ɗigo aka fi farawa. Timolol ya fi araha, safe da yamma, amma mai asma ko ciwon zuciya ya faɗa wa likita tun kafin a rubuta. Latanoprost sau ɗaya ne da dare, sai dai da tsada, kuma kwalbar da ba a buɗe ba firji take so. A ƙauyen da babu wuta, sayi ɗaya-ɗaya, wadda aka buɗe a ajiye ta gindin randa. Wahalar ɗigo ita ce ba shi da ranar gamawa. Na ga dattijon da hannunsa ke rawa, ɗigo uku a kumatu, ɗaya a ido, kwalbar wata guda ta ƙare kafin sati uku. In babu mai ɗiga masa kullum, ni ban ga arahar ba.

Leza, wato aikin da ake yi wa ido da hasken na'ura, 'yan mintuna ce, ba kwanciya, amma ba ko'ina ake da na'urar ba, kuma ƙarfinta kan ragu bayan wasu shekaru.

Tiyata ce mutanenmu suka fi tsoro, alhali ga wanda ke nesa da gari sau da yawa ita ta fi rufin asiri. Ana buɗe wa ruwan 'yar hanya ne ya riƙa fita. Ba ta maido da gani, saura take tsarewa. Makonnin farko sai an yi ta komawa, don haka mutumin Auyo ko Kafin Hausa ya roƙi kada ranar ta faɗo tsakiyar damina, in dai likita ya ce jira ba zai cutar ba.

A Kano akwai asibitin ECWA a Sabon Gari, da na Makkah, da na Malam Aminu Kano. A Jigawa akwai Rasheed Shekoni a Dutse da asibitin tarayya na Birnin Kudu. A je babba a tantance cutar, sannan a tambaye su wane asibiti kusa da gida ke iya awon ido, a riƙa kai Baba can da katinsa da kwalaben da ya ƙarar.