Gargaɗi ga ɗalibanmu na Indiya: a yi hattara da mai haɗa tafiyar Agra da Jaipur

Assalamu alaikum. Wannan saƙo na 'yan'uwa ɗalibai ne da ke karatu a Greater Noida da Delhi da kewaye, musamman sababbin zuwa, da kuma iyayen da ke turo musu kuɗi daga gida. Don Allah wanda ya karanta ya tura wa na kusa da shi.

Akwai wani mutum da ke kutsowa zaurukan WhatsApp na ɗalibai duk lokacin da hutu ya gabato, yana tallar tafiyar buɗe ido zuwa Agra da Jaipur. Ba zan kama suna ba, don sunan da yake amsawa ma na aro ne, lambar waya kuwa canza ta yake kamar riga. Salonsa ne kawai ba ya canzawa, shi ya sa zan zayyana shi yadda kowa zai gane shi ko da wane suna ya dawo.

Da farko zai saki talla mai hoton Taj Mahal: kwana biyu, jirgin ƙasa, otal, abincin halal, kuɗin shiga, duk a dunƙule, a farashin da kai kanka ka san ya yi araha da yawa. Daga nan sai saƙon murya, da Hausa tsantsa, da sallama da "ya karatu, ya sanyi". Nan ake kama mutane. Yaron da ya yi watanni yana fama da Turancin direbobin keke napep da Hindin da ba ya ji, da ya ji ana ce masa "ƙanena" sai jikinsa ya mutu. Tambayoyin da zai jera wa Ba'indiye kafin ya ciro rupi ɗari, ba zai yi wa wannan ko ɗaya ba, wai kunya. Sai a ce masa kujeru uku suka rage, ya tura rabin kuɗi kafin alƙalami ta UPI, wato tsarin tura kuɗi ta waya na Indiya. Idan ka lura, sunan da ke fitowa a manhajar tura kuɗin, PhonePe ko Paytm, daban yake da sunan mai maganar. Amsarsa a shirye take: "Asusun abokin aikina ne, nawa ya samu matsala."

Ba ya gudu da ya karɓi kuɗin farko, kuma wannan ce cutar. Yana turo tikiti. Wani lokaci ma tikitin gaske ne, ya saya a IRCTC, shafin sayar da tikitin jirgin ƙasa na Indiya, da sunanka da lambar kujera. Ka gani, hankalinka ya kwanta, ka cika sauran kuɗin, ka jawo abokanka biyu. Bayan kowa ya biya sai ya soke tikitin, hukumar jirgin ta cire ɗan abin da take cirewa ta mayar masa da ragowar, kai kuma kana nan riƙe da sikirinshot. Wani lokacin kuma tikitin jiran gurbi yake turowa, mai alamar WL, ya ce "kada ka damu, zai tabbata." Tikitin intanet da bai tabbata ba har aka fitar da jerin fasinjoji soke kansa yake yi, ba a shiga jirgi da shi, kuɗin kuma asusun wanda ya saya suke komawa, ba naka ba.

Na ga yaran da abin ya faɗa wa a hutun hunturu. Sun yi sammako cikin hazo zuwa tashar jirgin ƙasa ta Hazrat Nizamuddin da ke Delhi, 'yan matan sun sha lalle da sababbin abayoyi saboda hoto, ɗaya har da fulas ɗin shayi da soyayyen nama da ta kwana tana yi wa 'yan tafiya. Ba su ga jagora ba. Suka je tagar tambaya, ma'aikacin ya buga lambar tikitin, bai ce uffan ba, ya juyo musu da fuskar kwamfutar: an soke. Suka kira, waya a kashe. Suka duba zauren tafiyar, an cire su duka tun da asuba. Suka yi cirko-cirko a bakin dandamali har jirgin ya tashi a gabansu. Abin da ya fi ci mini rai, wata a cikinsu kuɗin hayar ɗakinta ta taɓa, da niyyar ta cike idan an turo daga gida.

Alhali minti ɗaya ya isa a tona shi. Kowane tikitin jirgin ƙasa mai kujera a Indiya yana da lambar PNR mai alƙaluma 10. Sa ta a shafin hukumar jiragen ko manhajar IRCTC, ko ka kira 139, za ka ga ko CNF ne, wato ya tabbata, ko WL, ko an soke. Kada ka duba sau ɗaya ka kwanta. Sake dubawa daren tafiya, kuma kada ka cika kuɗi saboda ka ga CNF a ranar farko. Sannan PNR ɗaya ba ta ɗaukar fiye da mutum 6, ta Tatkal, wato tikitin gaggawa, ma 4 ce. Duk wanda ya turo lamba ɗaya ya ce ta mutum goma sha ce, ƙarya yake. Tikitin da ke ɗauke da sunan wani ma ba naka ba ne, mai duba tikiti zai nemi shaidarka a cikin jirgi, tara kuma kai za ta hau.

Wani tallan nasa har dariya ya ba ni, dariyar takaici. Wai za a tafi ranar Juma'a a yi sallar Juma'a a masallacin Taj Mahal. Taj Mahal a rufe yake ga masu ziyara duk ranar Juma'a, sallar da ake yi a ciki kuma tun 2018 aka taƙaita ta ga mazauna Agra masu katin shaida. Jirgin Gatimaan da yake ambata, mai kai mutum Agra daga Nizamuddin cikin kusan awa ɗaya da minti 40, shi ma ba ya tashi ranar Juma'a. Haka batun cewa katin makaranta zai sa a shigar da ku a farashin 'yan ƙasa. Ɗan ƙasa rupi 50 yake biya, baƙo irinmu rupi 1,100, da ƙarin 200 ga mai son shiga inda kabarin yake. Katin ɗalibi ba ya rage ko sisi a can. A Jaipur ne wasu wuraren ke yi wa ɗalibai rangwame, shi kuma sai ya cakuɗa biyun don lissafinsa ya yi kama da gaskiya.

Ni dai a ganina, ɗalibin Greater Noida ma bai da dalilin komawa Delhi don ya hau jirgin Agra. Titin Yamuna Expressway daga ƙofarmu ya fara, kilomita 165 ne. Ku haɗu ku huɗu ko biyar ku yi shatar mota, ku biya bayan an sauke ku. Mutumin yana nacewa a kan jirgi ne saboda tikiti takarda ce mai tambarin hukuma, tana sa mutum ya saki jiki.

Maganar fasfo kuwa ta fi ta kuɗi nauyi. Yana cewa a turo masa hoton fasfo da biza da takardar FRRO, wato ofishin rajistar baƙin ƙasashen waje, wai don otal. Gaskiya ne otal a Indiya wajibi ne ya cike takardar rajistar da aka fi sani da Form C ga duk baƙon ƙasar waje, kuma ba kowane ƙaramin otal ke karɓar baƙi ba saboda wannan. Amma a gaban teburin otal ake yi, kana tsaye, a ɗauki kwafi a miƙo maka abinka. Hoton fasfonka a hannun wanda ba ka sani ba, ana iya yankar layin waya da shi ko a buɗe asusun da za a cuci wani, ranar da 'yan sanda suka biyo sawu sunanka za su gani. Asalin fasfon kuwa ko ɗan ɗakinku ne kada ka ba shi ya "riƙe wa kowa". Haka in ya ce a tara kuɗin tafiya a asusunka kai ka tura masa, ka ce a'a. So yake idan ya yi layar zana a cafke ka a madadinsa.

Masu zuwa da kansu su ma su kula da 'yan bakin tashar New Delhi, ɓangaren Paharganj. Za ka ga mutum tsaf-tsaf da kati a wuya ya tare ka, ya ce an soke jirginka, ya nemo maka keke zuwa wani "ofishin gwamnati" a wajen Connaught Place, inda za a sayar maka da tafiyar mota da tsadar gaske. Ba mai duba tikiti a wajen tasha. Wuce ciki ka duba allo da idonka.

Wanda ya riga ya tura kuɗi, kada kunya ta sa ya yi shiru. Ya kira 1930 nan take, layin kai ƙarar damfarar intanet ne, ya kuma shigar da ƙorafi a cybercrime.gov.in, da wuri ake iya riƙe kuɗin kafin a kwashe su. Ya ajiye lambar cinikin UPI da saƙonnin muryar da tallan, kada ya goge komai don haushi. Wanda ya tura hoton fasfo ya sanar da ofishin ɗaliban ƙasashen waje na makarantarsa a rubuce, in ɗan Najeriya ne ya sanar da ofishin jakadancinmu da ke Chanakyapuri. Masu kula da zauruka kuma, don girman Allah a daina shigar da lambar da ba a san makarantar mai ita da ajinsa ba. Iyaye, idan yaro ya ce a turo kuɗin tafiya, ku tambaye shi wa ya haɗa ta, kuma wane babban ɗalibi ne ya taɓa ganin mutumin ido da ido.