Sai da na sayi fedal biyu kafin kunnena ya huta, sharhina kan SansAmp Bass Driver DI

Ni dai bes nake kaɗawa, wato jitar nan mai kaurin murya, shekara wajen tara kenan, a band ɗin biki nan Kaduna, wani lokacin mu leƙa Abuja ko Jos in aiki ya faɗo. Duk tsawon lokacin nan kombo ne a bayana, wato amfilifaya da sifika a akwati ɗaya, sifika inci 15, yana dukan bayan ƙafata ina jin daɗina. To bara sai oga ya ce an daina hawa dandamali da amfilifaya, wai masu hol na ƙorafin ƙara kuma mai miksa ba ya iya sarrafa komai, don haka kowa ya koma iyafis na cikin kunne. Bes ya riƙa tafiya miksa kai tsaye, daga can a dawo mana da shi kunne. Ban so ba amma ya zan yi.

Abin da ya fara damuna shi ne sautin ya zama fayau, ba gurnani ba komai, kamar shayi ba madara. Sai na ce bari in nemi fedal ɗin obadraif, wato ɗan akwatin da ake takawa da ƙafa ya sa sauti gurnani, ya ɗan ƙara masa kaushi. Wani mai shago a Legas ya turo min bidiyo ta WhatsApp yana gwada wani ɗan ƙarami mai maɓalli uku, wallahi gurnanin ya yi daɗi, kuɗin ma ba laifi, na tura masa ya sa min a mota. Da ya iso na jona shi a kombo a ɗaki, daidai da bidiyon, har na kira mai dirom ɗinmu na sa masa a waya ina cika baki. Ban gwada shi a iyafis ba ko sau ɗaya. Wannan kam wautata ce, na yarda.

Ranar wata dina a Abuja abin ya faru. Hol ya cika, an shigo da amarya, waƙa ta kai inda ake so ta tashi sama, ni kuma tun safe nake jiran wurin nan, na taka fedal. Kai jama'a! Kamar an buɗe min amyar zuma a tsakiyar kai. Wani irin tsiiii mai kaifi, ba gurnani ba, tsaki ne kawai yana huda kunne, mai dirom ya fizge iyafis ɗinsa da hannu ɗaya yana ci gaba da duka da ɗayan yana harara ta, mawaƙiyarmu ta juyo ta min kallon da har yau in na tuna sai na ji kunya. Abin da ya fi muni, ƙasan sautin ya ɓace gaba ɗaya, wato nauyin nan da ke sa iyayen amarya su motsa kafaɗa ko ba su yi niyya ba, babu shi, kamar na ajiye bes na ɗauki ƙaramar jita. Na sake takawa da sauri na kashe amma an riga an ji. Mai miksa ya lallaɓo ta gefe yana tambayata wai kebul ɗina ne ya mutu? Na ce e, don ban da bakin faɗin gaskiya. Kwana biyu kunnena na hagu yana ƙara bayan nan.

Akwai wani dattijo da muke kira Kawu, tun muna yara yake haɗa sauti a garin nan, shi na kai wa kuka. Ya yi dariya har da tari sannan ya ce, yaro fedal ɗinka bai canza ba, sifika ka cire daga hanya. Ya min bayani cewa aikin obadraif shi ne ya datse kan sauti, datsewar nan kuma tana haifar da wasu 'yan sautuka masu kaifi can sama sosai. Sifika inci 15 ba ta iya fitar da su, tana kaiwa wajen Hz dubu 4 zuwa 5 sai ta gaji (Hz shi ne ma'aunin kaifi ko kaurin sauti, lamba na hawa sauti na ƙara kaifi), shi ya sa a kombo kake jin gurnani mai taushi, ita ke tace dattin ba ka sani ba. Iyafis kuwa ba ruwansa, har sama da dubu 10 zai kawo maka, kuma a bakin dodon kunne zai zuba maka. Maganar ɓacewar nauyi kuma ya ce tsirkiyar E, mafi kauri a bes mai tsirkiya huɗu, tana wajen Hz 41 ne, mai tsirkiya biyar B ɗinsa 31, amma ƙananan fedal da yawa an kwaikwayo su ne daga na jita irin su Tube Screamer wanda da gangan yake rage abin da ke ƙasa da wajen 720 kafin ya datse, don jita ba ta buƙatarsa. In ba maɓallin Blend da zai gauraya maka asalin sautinka da gurnanin, to ka yi sallama da ƙasa.

Sai ya ɗauko nasa fedal ɗin, SansAmp, ya ba ni aro, duk fenti ya goge, ya ce in je in yi sati da shi. Na kamfanin Tech 21 ne na Amurka, tun shekarun 1990 ake yinsa, kuma tun farko don shiga miksa kai tsaye aka ƙera shi, a cikinsa akwai abin da ke kwaikwayon amfilifaya da sifika. Gaskiya ban sa rai sosai ba don tsoro ya riga ya shige ni. Na jona a rihasal, na saita maɓallan kamar hannun agogo, Drive mai ƙara gurnani a ƙarfe 12, Blend wajen ƙarfe 11, Presence mai ƙara kaifi na mayar da shi ƙasa ƙarfe 9, na rufe ido na taka. Wallahi tallahi sai na ji kamar an dawo min da kombona an ajiye a bayana. Gurnani na nan, nauyi na nan, mai dirom ya ɗago min babban yatsa. Na ɗan yi zari na murɗa Presence sama don in ji, zumar nan ta fara leƙowa, na mayar da shi inda yake na kama kaina. Wani abin da ya burge ni, yana cin wutar da ake kira fantom, volt 48, daga miksa ta kebul ɗin XLR irin na makirufo, ba sai na nemi soket ko batir ba, wanda duk ya yi wasa a filin biki da janareta ya san darajar wannan. Sati na cika na tattara kuɗin wasa uku na sayi nawa, sabon samfurin mai ƙarin maɓallin Mid.

Amma fa raina bai gama sanyi ba. Bayan na riga na biya, ranar nan Kawu yana zaune gaban miksa ƙirar X32 ya ce kawo tsohon fedal ɗin nan, ya jona, ya shiga layina ya yanke duk abin da ke sama da dubu 5, tsakin nan ya tafi kusan duka, kyauta. Na ce haba Kawu, me ya sa ba ka faɗa min tun farko ba? Ya ce ai ba ka tambaya ba, kuma nauyin ya dawo? Bai dawo ba kam. Sannan ba kowane hol za ka samu mai miksa da zai saurare ka ba, wani ko kallonka ba zai yi ba, gara gyaran yana ƙarƙashin ƙafata. Duk da haka sai da na yi kwana biyu ina lissafin kuɗin. Kuma na gano rabin kukan da nake na rashin nauyi tun farko robar iyafis ɗina ce ba ta toshe kunne da kyau, da na canza zuwa ta soso sai bes ya ƙaru ban taɓa ko maɓalli ɗaya ba.

Shi kuwa mutumin Legas, na rubuta masa cewa ai na gaya masa tun farko da iyafis zan yi amfani kuma ya ce min zai yi, ya ce shi kayansa lafiya lau yake, ba a mayarwa. Na ce to ko musanya ce in cika kuɗi, ya karanta bai amsa ba, wata biyar kenan. Fedal ɗin na nan cikin durowa da kwalinsa, in akwai mai kaɗawa da kombo ya yi min magana, a can dai yana da daɗi.