Akwatin Ƙudan Zuma Mai Gashi: Abin da Na Gani a Rumfar Tumatir

Shekara biyu na yi ina aiki a rumfunan leda na tumatir a Almeriya, kudancin Sifen, kuma a duk tsawon lokacin ba mu rabu da akwatunan kwali masu ɗauke da ƙudan zuma mai gashi ba, wanda masana suke kira Bombus terrestris. Kowane akwati yana zuwa da sarauniya guda, da ma'aikatanta, da mazubin ruwan sukari a ƙasa, domin furen tumatir ba shi da zaƙin da za su tsotsa.

Aikinsu ba shi da makusa. Ƙwaron yakan cafki fure da baki, ya karkaɗa jikinsa har garin furen ya zubo, sannan ya bar ɗan tabo mai ruwan ƙasa, wanda da shi muke gane an yi barbara. Kafin wani likitan dabbobi ɗan Beljiyam, Roland de Jonghe, ya kafa kamfanin Biobest mai kiwon waɗannan ƙudan zuma a 1987, mutane ne suke bin furanni suna girgiza su.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne yadda ake samun akwatin a kowane wata, alhali a daji sarauniya takan shige ƙasa ta yi barcin hunturu na watanni. A wannan hali takan toshe ƙofofin numfashin da ke gefen jikinta, ta daɗe a haka, sannan ta buɗe ta fitar da gurɓatacciyar iska a tashi ɗaya. Tsabar ƙarancin bukatarta ta iska, a 2024 masu bincike na Jami'ar Guelph a Kanada suka gano cewa sarauniyar wani jinsi takan yi kwana bakwai a nutse cikin ruwa, ta fito da ranta. Masu kiwo kuwa sukan sumar da ita da iskar kabon dayokzaid, idan ta farfaɗo sai ta kama saka ƙwai ba tare da ta yi barcin ba.

Matsalar wannan ƙwaro zafi ne. Wata rana a watan Yuni na mance akwati a rana, na dawo na tarar da ma'aikatan sun yi cincirindo a bakin ƙofa suna fifita da fikafikai, babu wanda ya leƙa fure. Ban da haka, bayan kamar mako takwas gidan yakan mutu, dole manomi ya sake sayen wani.